Mutmainna, Sojar Ruwa a Bencin Jami'a

Ranar Asabar ɗin da Mutmainna ta bar Stains, a gefen Paris, an kwana ana ruwa, amma kafin a idar da sallar asuba ya ɗauke. Gari ya waye fes, da ɗan sanyin farkon Satumba, irin wanda mutum kan rasa ko ya ɗauki rigar sanyi ko ya bar ta. Itatuwan da ke gaban dogayen gidajen unguwar sun jiƙe sharkaf, suna ɗiga a kan motoci. Ita ba ta ma lura da wannan ba. Tun ƙarfe shida ta fito da doguwar jakarta ta sojan ruwa ta jingine ta a bakin ƙofa, alhali jirgin ƙasanta sai goma da rabi zai tashi.

"Kaftin, zauna ki sha kunu mana," in ji mahaifinta, Alhaji Bukari. "Jirgin ba ya tahiya ya bar ki."

"Baba, na gaya maka ban zama komi ba tukuna. Ko aji ban shiga ba."

"Ni dai na riga na gaya ma ƴan garinmu, mutanen Montreuil. So kike in koma in ce masu ƙarya na yi?"

Alhaji Bukari mutumin Maraɗi ne. Ya haura shekara talatin yana tura tsofaffin firiji da kayan mota gida ta tashar ruwan Kwatano. A Stains aka haifi Mutmainna, ita ce ta uku cikin ƴaƴa biyar. Tun tana ƙarama hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In firiji ya ƙi sanyi a ma'ajiyar mahaifinta, ita za ka tarar durƙushe a bayansa, ta kara kunne tana sauraron yadda yake kuka. Karatun littafi kuwa bai dame ta ba, da ƙyar ta ci bak, jarrabawar gama sakandare. Tana shekara goma sha tara ta shigo gida da takardar shiga sojan ruwan Faransa. Alhaji ya yi wata guda ba ya ce mata komi in ban da amsa gaisuwa. Mahaifiyarta, Hajiya Batula, ta riƙe baki ta ce, "Mu da ko gulbin Maraɗi in ya kawo ba mu tsallakawa, ke teku za ki?"

Teku kuwa ta tafi. Shekara bakwai ta yi a ɗakin injin wani jirgin yaƙi da ke Toulon, can ƙasa inda ba taga, sai zafi da ƙara da warin man gazuwal. Ta san kowane famfo na jirgin da muryarsa. Galonta, wato alamar muƙami da ke jikin kakinta, ja ne, na ƙananan sojoji, kuma a zatonta da shi za ta tsufa. Sai wata rana shugaban ɓangarenta, wani tsohon soja mai ƙarancin magana, ya ajiye mata takardu a kan teburin cin abinci. Ya ce rundunar kan zaɓi ƴan ƙalilan daga cikin ƙananan sojoji ta tura su jami'a shekara uku, albashinsu na tafiya, in sun gama su wuce makarantar hafsoshi su ɗaura galon zinariya. Ya ce ta cike. Ta ce ita ba ta da kan karatu. Ya ce bai tambaye ta ba.

Shekara guda ta yi tana bitar lissafi tsakanin tsaro da tsaro, littafi a kan gwiwa, jirgi na tangaɗi. Aka yi jarrabawa, aka ɗauke ta. Sharaɗi ɗaya ne aka ja wa layi a takardar da ta sa wa hannu: ba a maimaita aji. Duk wanda ya faɗi ko da darasi ɗaya a shekarar farko, jakarsa zai ɗauka ya koma jirgi da jan galonsa. Ita kuma shekarunta ashirin da shida, baɗi ta wuce shekarun da ake karɓa. Dama ɗaya ce.

A tashar jirgin ƙasa ta Paris, Alhaji ya tare wani mai duba tikiti da bai san shi ba ya shaida masa cewa wannan ɗiyarsa ce, kuma nan da shekara kaɗan ita za ta tuƙa jirgin yaƙi. Mutmainna ta ja jakarta ta shige da sauri, tana dariya, kunya kamar ta nutse. Awa biyu ta yi hancinta manne da gilashi kamar ƙaramar yarinya.

A Lyon, Kawu Chaibou ne ya tare ta, ƙanen Hajiya Batula, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons. Ya ba ta ɗakin babban ɗansa da ya yi aure. Daga tagar ɗakin ana hango bututun masana'antu suna hayaƙi, ta ce masa ai nan kamar gida ne, bututu a ko'ina. Ta rataye kakinta a cikin kabad, ta fito da kallabi mai ruwan goro ta ɗaura a gaban madubi. Rabonta da fita aiki da kallabi a kanta shekara bakwai ke nan. Ta kwance shi ta sake ɗaurawa har sau uku, don daɗi kawai.

Ranar Litinin ta isa jami'a ƙarfe bakwai da kwata, darasi kuwa sai takwas. Mai shara kaɗai ta tarar. Ta shiga babban ɗakin karatun da suke kira amfi, mai benci hawa-hawa na mutum ɗari uku, ta zauna a layin farko, ta jera alƙaluma uku da littafi. Yara ƴan shekara goma sha takwas suka dinga shigowa, wani da kofi, wani da abin jin kiɗa a kunne, wani ma da alamar bai wanke fuska ba. Da malamin ya shigo, Mutmainna ta miƙe tsaye zumbur, hannuwa manne da cinya. Ita kaɗai cikin mutum ɗari uku. Malamin ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Madam, tambaya gare ki tun ban fara ba?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Ta zauna, ita ma tana yi.

Abin ya yi mata daɗi fiye da yadda ta zata. Abubuwan da hannunta ya sani shekara da shekaru, sai ga su a kan allo da sunayensu da lissafinsu. Ranar da aka yi bayanin dalilin da ruwa ke ƙara gudu in bututu ya tsuke, ta fito tana tafiya tana magana ita kaɗai, har ta wuce tashar bas ɗinta. Kullum da la'asar sai ta kira gida. "Baba, ashe duk abin nan da nike yi akwai dalili! Wallahi akwai dalili!"

To, a jirgi akwai wani allo kusa da ɗakin cin abinci. Kowace safiya a nan ake liƙa sunaye, wane tsaro ƙarfe kaza, wance famfo na kaza. In sunanka na nan, ka tafi. In ba ya nan, ba a neme ka ba. Sojan da ya je yana tambayar na gaba da shi mene ne aikinsa yau, ya nuna bai iya duba allo ba ke nan, kuma za a daɗe ana yi masa tsiya. Da Mutmainna ta ga wani babban allo mai gilashi a barandar sashensu na nazarin injuna, sai hankalinta ya kwanta. Kullum bakwai da rabi tana gabansa, tana bin takardun da yatsa. Ba sunanta. Ta san an ce akwai darasin gwaji na hannu, wanda suke kira TP, da ake yi ƙungiya-ƙungiya a ɗakin injuna, amma tun da ba a liƙa ba, ta ɗauka ba a fara ba. Da rana in ta ga ƴan ajinsu sun watse, sai ta girgiza kai ta wuce ɗakin littattafai. Har ta ce wa kawunta, "Kawu, yaran nan ba su son karatu. Da an yi azahar ba ka ƙara ganin kowa."

Sati uku aka yi a haka.

Wata ranar Laraba tana tsaye gaban allon tana waya da mahaifinta, sai ta ji an ce a bayanta, "Ikon Allah! Hausa a nan?" Ta juya ta ga wata doguwar mata da farar rigar ɗakin gwaji. Sunanta Rékia, ƴar Tahoua, tana karatun digirin dokta a sashen, kuma tana koyar da ƴan shekarar farko aikin gwaji. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina gajiya, ina sanyi, ina su Hajiya, kamar sun daɗe da sanin juna.

"Wace ƙungiya kike a TP?" in ji Rékia. "Ban taɓa ganin ki ba."

"Ai ba a hiddo sunaye ba tukuna, Yaya. Kullum ina dubawa."

"Ina kike dubawa?"

Mutmainna ta nuna allon. Rékia ta dubi allon, ta dube ta, ta matsa ta sa yatsa a kusurwar wata takarda da rana ta koɗar. Kwanan watan na shekara biyu da suka wuce ne.

"Ƙanwata, wannan allon ko mai shara ya manta da shi. Ba wanda zai sa ki a ƙungiya. Ke za ki shiga intanet ki zaɓa da kanki. An aiko saƙo a akwatin imel ɗin da jami'a ta buɗe maki. Kin buɗe shi?"

Ba ta san ma akwai shi ba. Suka buɗe a wayar Rékia. Saƙonni arba'in da ɗaya ne ke jiran ta, uku daga ciki da manyan baƙaƙe. An rufe zaɓen ƙungiya tun kwana goma sha biyu. Dokar sashen kuma a fili take: wanda ya rasa zaman gwaji huɗu ya faɗi darasin, ko da ya cinye jarrabawar ƙarshe. Ta rasa uku. Na huɗu na wannan satin ne, kuma ƙungiya ta ƙarshe ranar Juma'a ƙarfe takwas take zama.

Mutmainna ta tuna jan layin da ke takardar. Ta tuna mutanen Montreuil.

"Zan rubuta rahoto," in ji ta. "In aika wa hafsan da ke kula da mu, shi ya aika wa na sama da shi, su rubuto wa jami'a."

"Kwana nawa?"

"Goma. Ko sati biyu."

Rékia ta tafa hannu. "Subhanallahi! Jibi fa aka ce maki! Ki tahi gobe ki ƙwanƙwasa ƙohwar Madam Perrachon, ita ka riƙe da shekarar hwarko. Biro na ƙarshe, hawa na biyu."

"Haka kawai? Ba wanda ya kira ni?"

"Haka kawai. Nan ba wanda ka kiran kowa."

A shekara bakwai, Mutmainna ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kwamandan jirginsu ba. Tsakaninta da shi akwai mutum biyar, kuma tsallake ko ɗaya daga cikinsu laifi ne. Ta koma Saint-Fons ta tarar Kawu Chaibou ya sauko daga aikin safe, yana jiƙa burodi a shayi. Ta zayyana masa komai. Ya saurara bai katse ta ba, don shi mutum ne da ba ya gaggawa ko gobara ake yi.

"Yanzu ke," in ji shi, "in kina ɗakin inji kika ga bututu ya hwashe, takarda kike rubutawa?"

"A'a, Kawu. Rufewa nike, in yi bayani daga baya."

"To."

Ya ci gaba da shan shayinsa. Can ya ɗago ya ce, "Kuma kada ki gaya ma Alhaji sai an gama. In ya ji, gobe da sahe za mu gan shi nan da babbar riga, ya ce shi zai ga Madam ɗin."

Ranar Alhamis ta goge rigarta har sai da karin hannun ya tsaya. An rubuta a ƙofar biron, wato ofishin, cewa Madam na ganin ɗalibai daga ƙarfe goma. Tara da rabi tana wurin. Goma ta yi, ta ƙwanƙwasa a hankali, ba ta ji an ce ta shiga ba, sai ta koma ta tsaya jikin bango, hannuwa a baya. Minti arba'in tana tsaye. Sai ga wani ɗalibi da gajeren wando da burodi a hannu, ya zo ya wuce ta, ya tura ƙofar da kafaɗa, ya shiga yana tauna. Ya fito bayan minti biyu da takardarsa an sa hannu. Mutmainna ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Ta yi bismillah ta tura ƙofar.

Madam Perrachon ƴar ƙaramar tsohuwa ce mai furfura, kusan takardu sun binne ta. Mutmainna ta ƙame a gaban teburin, ido a bango, ta faɗi sunanta da muƙaminta da lambarta, sannan ta ba da rahoto kamar yadda aka koya mata: ta rasa zama uku, laifinta ne, ba ta da uzuri.

"Zauna, don Allah, kina sa ni jin kamar na yi wani laifi," in ji Madam. "Me ya hana ki tambaya?"

"Sunana ba ya kan allo, Madam."

"Wane allo?"

Da ta gane allon da ake nufi, Madam ta cire tabarau ta yi dariya har da share ido. Amma da ta mayar da tabaran, fuskarta ta koma ta aiki. Ta ce doka doka ce, ba za ta goge rashin zuwa uku don labari ya yi daɗi ba, kuma ƙungiyoyi duk sun cika. Ta juya takardu. Sai ta tambayi Mutmainna aikin da take yi a jirgi. Mutmainna ta ce famfuna da injin gazuwal. Madam ta ce shekara nawa. Ta ce bakwai.

"To ga abin da zan iya. Ƙungiyar Juma'a mutum goma sha shida ce, za ta zama sha bakwai, in mai koyar da su ta yarda. Ukun da kika rasa za ki yi su cikin kwana goma, ke kaɗai, ki kawo mini rahoton kowanne a hannuna. In ɗaya ya makara, shi ke nan. Kuma rundunarki, ke za ki gaya musu da bakinki, ba ni ba."

"Bien reçu, Madam!" ta amsa irin ta soja, wato ta ji umarni. Ta miƙe har kujera ta faɗi.

Mai koyar da ƙungiyar Juma'a kuwa Rékia ce. Mutmainna ta sauko matakala bibbiyu, ta same ta a baranda ta rungume ta, farar riga da komai. A ranar ta rubuta wa hafsan da ke kula da su gaskiyar abin da ya faru. Amsarsa layi ɗaya ce: ya gani, kada a sake.

Juma'a da safe ta shiga ɗakin gwajin, ta ji warin mai da ƙarfe, sai ta ji kamar ta dawo gida. A tsakiyar ɗakin akwai famfo da tankin ruwa da bututun gilashi. Rékia ta kunna, ta sa wani ɗalibi ya dinga murɗa wani makunni a hankali. Famfon ya fara canja murya. Ya koma kamar an zuba tsakuwa a cikinsa. Kafin kowa ya ƙifta ido, Mutmainna ta tsallake jakar wani, ta ture kujera, ta kai wa jan maɓallin tsayarwa duka da tafin hannu. Komai ya tsaya cak.

"Zai cinye kansa!" ta faɗa da ƙarfi. "Ruwa ba ya isar sa!"

Ɗalibai goma sha shida suka zuba mata ido. Rékia ta dafe kai, ta ce da Hausa, "Ke ɗiyar Maraɗi, kin kashe mini darasi! Wannan kukan shi muka zo ji yau. Da gangan muka shaƙe shi!"

Da ta maimaita da Faransanci, ɗakin ya kece da dariya, har mai kula da injunan ya leƙo. Rékia ta ce tun da ta tsayar, sai ta yi wa ajin bayanin abin da ta ji. Mutmainna ta fara da in'ina, sannan bakinta ya buɗe. Ta gaya musu yadda ta taɓa kwance famfon da aka bari yana wannan kuka, ta tarar da cikinsa duk ramuka kamar ɓera ya ci. Ta sa kowa ya ɗora hannu a jikin ƙarfen ya ji bambancin rawarsa. Daga ranar, duk wanda lissafinsa ya ƙi fita a ɗakin gwaji, wurinta yake zuwa, ita kuma in lissafin allo ya cije mata, su take tarewa a baranda ta tambaya, ba kunya.

Rahotannin uku ta kai su cikin kwana takwas. Sai a lokacin ta gaya wa mahaifinta. Alhaji ya ce a ba shi Chaibou a waya, suka yi rabin awa yana yi masa faɗan ɓoye masa magana. A watan Janairu sakamako ya fito, ta ci duka darussan, lissafi da ƙyar, aikin gwaji kuwa ita ce ta biyu a ajin. A watan Yuni ta haye shekarar farko.

Yanzu Mutmainna tana shekara ta uku a jami'ar. Har yau a gidan Kawu Chaibou take zaune a Saint-Fons, kuma duk hutun bazara takan koma jirgi a Toulon ta yi wata guda a ɗakin inji. In ta ci jarrabawar Yuni mai zuwa, a watan Satumba za ta shiga makarantar hafsoshin ruwa kusa da Brest.